Guntun Yaya da Ba a Binne Ba

Yayana ya rasu da damina, wata Talata da hantsi, muka kai shi makwanci kafin la'asar. Ni na yi masa wanka. Amma ba duka muka binne shi ba. Akwai guntunsa da ya rage a waje, da rai, kuma har yau yana nan.

Sana'ar gidanmu ƙirar kwano ce, a unguwar Limawa. Kakanmu ya biyo jirgin ƙasa ya zo Minna yana gyara wa ma'aikatan reluwe fitilu da bokitai, ya zauna. Muna buga bokiti da mazurari da murhun gawayi da akwatin ƙarfe. Ban yi makaranta ba. Da hannu muke ci, kuma ta hannu ciwon yake shigo mana gida.

Da farko nama ya riƙa rawa a ƙarƙashin fata, kamar wata tsutsa ta shige. Sai tudun nan na gindin babban yatsa ya lotsa ya zama rami. Guduma ta fara suɓucewa. Daga nan ƙafa ta ɗauka, sai harshe, sai haɗiya, sai numfashi. Hankali kuwa yana nan garau har ƙarshe. Mutum yana kallonka, ya san komai, ƙuda ya sauka a leɓensa ba ya iya korarsa. Haka ya ɗauke Baba. Haka ya ɗauke ƙanen Baba. Haka ya ɗauke yayata mace tana goyo. A unguwa aka ce sammu ne. Wasu suka ce kakanmu ya sare wata bishiya da ba a sarewa lokacin shimfiɗa layin dogo. An sha rubutu, an yi turare, an yanka abin yankawa. Ni dai makara na yi ta ɗauka.

Ran da guduma ta fara faɗuwa daga hannun Yaya muna rumfa, yana lanƙwasa bakin bokiti. Ya dubi gudumar a ƙasa, ya dube ni.

"Auta, ɗauko ta. Ta gaji da ni, kai take so."

Na ɗauko. Ban yi dariya ba. Shi ya yi.

A asibiti aka faɗa mana sunan ciwon da Turanci, aka ce ba shi da magani. Wannan mun riga mun sani. Abin da ba mu sani ba wata mata ce ta faɗa mana, likita ce amma ba mai duba marasa lafiya ba, bincike take yi. 'Yar garin Gwada ce, Kirista, iyayenta manoman doya, ta yi karatu a ƙasar waje ta dawo. Ta zauna a gefen gadon Yaya ta tambayi waɗanda suka mutu a gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggauta ba. Ta ce akwai wasu jijiyoyi da ke kai wa nama umarni daga lakar ƙashin baya, su ne suke mutuwa, shi ya sa nama yake zama ba mai aikensa har ya bushe. Ta ce aikinta neman abin da zai kare jijiyoyin nan ne. Ba za a iya buɗe bayan mai rai a ɗebo su ba. Amma in an ɗebi 'yar fata, akwai dabarar da za a raine ta a faranti har ta rikiɗa ta zama irin jijiyoyin, da ciwon mai ita a ciki, sai a riƙa gwada magunguna a kansu.

Lokacin harshen Yaya ya fara nauyi, amma bakinsa bai mutu ba.

"Likita, fatar maƙeri ce fa. Sai dai ki zo da kurfin yanke ƙarfe."

Ta yi dariya. Ta ce ba lalle ya ga amfanin abin da idonsa ba.

"Na sani. Ɗebi. Ƙasa ce za ta cinye, gara ke."

Ni na riƙe masa damtse. Abin da ta yi aiki da shi kamar mahujin fata ne na dukawa. Abin da ta ɗiba bai fi ƙwayar dawa ba. Ta jefa a wata 'yar kwalba mai jan ruwa. Muka hau keke mai ƙafa uku muka koma gida, ba wanda ya ga abin ba da labari a ciki.

Sai na faɗi wace ce Inna, mahaifiyarmu, kafin a gane sauran.

Yaya ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko "yayanku". In ya shigo ɗaki sai ta sami abin yi da hannunta. In ya yi tafiya ba ta tambayar yaushe zai dawo, sai dai ka ga an ajiye tuwo an rufe. Haka matan zamaninta suke da ɗan fari, ita kuwa ta fi kowa riƙo.

Abu na biyu, Inna ba ta yar da komai na jikin ɗanta. Akwai gindin katanga a bayan ɗakinta, kusa da darbejiya. Cibiyoyinmu duk suna can. Gashin askin suna yana can. Haƙoran da muka famfare suna can, ba ta bari mu jefa kan rufi kamar sauran yara ba. Da almakashin kwano ya datse min kan ɗan yatsa ina saurayi, ta aiko aka tsince shi a cikin tarkacen rumfa, ta wanke, ta naɗe a farin ƙyalle, ta binne. Takan ce cikakku aka ba ta mu, cikakku za ta mayar, don za a tambaye ta.

Da Yaya ya rasu, likitar nan ta zo gaisuwa. Ta yafa mayafi, ta cire takalmi, ta zauna cikin mata a tsakar gida. Ina tsaye a bakin zaure ina jin su. Ta yi gaisuwa daidai yadda ake yi. Da ta tsaya nan da shi ke nan. Amma ta ga tsohuwa zaune ba hawaye ba magana, ta so ta ba ta wani abu ta riƙe.

"Mama, ki yi haƙuri. Bai tafi duka ba. Abin da ya ba mu yana nan wurinmu, yana da rai."

Wata mata da ke zuba fura ta tsaya da ludayi a sama.

Inna ta ɗago. "Da rai?"

"Da rai, Mama. Ko da safen nan sai da na duba shi. Yana girma sosai."

Na ga matan da ke kusa da ita suna janye zannuwansu a hankali. Ita ba ta lura ba. Ta yi sallama ta tafi tana ganin ta yi alheri.

Inna ta sa aka kira ni ɗaki.

"Me kuka bari a waje?"

Na faɗa mata. Na nuna mata girman abin a kan farcena.

"Je ka karɓo min."

Na ce liman ya ce ɗan abu irin wannan ba ya ɓata jana'iza.

"Liman ne ya haife shi?"

Ta jawo ragowar yadin likkafani, ta yago guntu kamar tafin hannu, ta ninke ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce ba za a yi sadakar arba'in a gidan nan ba sai an haɗa shi, don ba a yi wa rabin mutum sadaka. Daga ranar ta rage cin abinci. Da rana tsaka, ana zafin Minna irin wanda kwano ke ƙona hannu, sai ka same ta zaune a gindin katangar nan tana kallon ƙasa. Wata rana na kai mata ruwa, ba ta dube ni ba ta ce, "Yana jin sanyi."

Na ce, "Wa?"

"Wancan. Inda suka ajiye shi akwai sanyi."

Na kira likita a waya. Na faɗa mata halin da ake ciki, ta ba da haƙuri a kan maganar da ta yi. Ta ce Yaya da bakinsa ya bayar, amma ita ba za ta riƙe ɗan wata ba uwarsa tana kuka. In iyali sun ce a dawo da shi, za ta dawo da shi. Sai dai ba a fitar da shi da rai, sai an zuba masa abin da zai kashe shi tukuna. Kuma in ya tafi ya tafi, aikin da aka yi a kansa ya tsaya, don ba ta da wani daga gida irin namu.

Akwai abin da ban gaya mata ba. A kwanakin nan naman gindin babban yatsana na dama ya fara rawa. Matata ta gani muna cin abinci, ta ce rawar nama alamar baƙo ce. Na ce mata baƙo ne, na ma san shi. Ina da 'ya'ya mata. Jinin Baba ne a jikinsu.

Na koma wa Inna na ce ba zan karɓo ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo hijabinta.

"To kai ni."

Wurin yana bayan gari, ta hanyar madatsar ruwa ta Tagwai. Mai keke ya yi ta surutu a kan ramukan hanya da tsadar mai, ba wanda ya tanka masa, har ya ce, "Hajiya, ko biko za a je ne aka ɗaure fuska haka?" Inna ta ce, "Ɗauko ɗa za ni." Ya ce Allah ya sa a same shi lafiya. Ta ce amin.

Gini ne ƙarami mai farantan hasken rana a kan rufi. Likita ta tarye mu a ƙofa. Aka sa muka cire takalma, aka ba mu fararen riguna, Inna ta ɗora tata a kan hijabi. Ciki ba taga. Hasken fari ne fat, ba ya yin inuwa. Ba ka jin motsin gari ko kaɗan, sai wani gunji ƙasa-ƙasa da injuna ke yi, kamar mutum yana nishi bakinsa a rufe. Ni da na saba da ƙarar guduma tun ina yaro, shirun nan ya dame ni.

A kusurwa akwai wata tukunyar ƙarfe mai tsayi kamar tulu. Likita ta ɗaga murfin, wani farin hayaƙi ya malalo, bai tashi sama ba, ya gangaro ƙasa ya bi ta kan ƙafafunmu. Sanyinsa ya shiga min ƙashi. Ta ce a nan ake ajiye wani kashi nasa a daskare, ba ya mutuwa ba ya girma, sai ran da aka tashe shi.

Inna ta juyo ta dube ni. "Na faɗa maka."

Ba wanda ya taɓa ba ta labarin tukunyar nan. Ni kaina ban san da ita ba.

Sai likita ta buɗe wani akwati mai kama da firji. Amma ɗumi ne ya fito. Ta ce ɗumin jikin mutum ne daidai, dare da rana. A ciki ga 'yan farantai masu murfi a jere, kowanne da ruwa ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka.

Inna ta ce, "Wanne ne shi?"

"Duk na layin nan, Mama."

Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙyallen. Ta dubi ƙyallen, ta dubi farantan. Ƙwayar dawa ta zo ɗauka. Abin ya hayayyafa, ya fi ƙarfin ƙyallen.

Likita ta ɗauko faranti ɗaya ta ɗora a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta kashe fitila, hoton ya fito a wani allo kamar talabijin. Na ga wasu ɗigo-ɗigo, kowanne ya miƙa zare siriri yana neman ɗan'uwansa, kamar saiwar ciyawa in ka ɗaga dutse. Da yawa zaren ya tsittsinke, ya dunƙule, ya zama kamar tsakiyar da ta watse. Ta ce wannan ba a sa masa komai ba. Abin da ya faru a cikin bayan Yaya ke nan, shi ne yake sake faruwa a nan.

Wato sun tashe shi ne ya sake mutuwa suna kallo. Haka na fahimta, kuma haka na faɗa.

Ta ce, "Haka ne, Malam. In ba mu ga yadda yake mutuwa ba, ba za mu san inda za mu tare ba."

Ta canja faranti. Wannan zarurrukansa dogaye ne, sun saƙu da juna, ba su tsinke ba. Kuma suna haske. Wani kore-kore yakan tashi a ɗigo ɗaya, ya bi zare da gudu, ya kunna na gaba, ya mutu, can wani ya tashi. Kamar walƙiya a hadarin da ke nesa, wanda ba ka jin tsawarsa. Ta ce wannan shi aka sa wa abin da take gwadawa. Ta ce kada mu ɗauka magani ne. A faranti ne kawai. Abubuwa da yawa sun yi aiki a faranti sun ƙi a jikin mutum.

Inna ta matsa kusa da allon har hasken ya hau fuskarta.

"Yana jin zafi?"

"A'a, Mama."

"Ya san mun zo?"

"A'a. Ba ido, ba kunne, ba tunani. Jijiya ce kawai."

"Yana ci?"

Likita ta ce, "Ruwan nan shi ne abincinsa. Akwai sukari a ciki da wasu abubuwa. Muna canja masa a kai a kai."

"Yana sha, ko zubarwa yake?"

"Yana sha, Mama. In ya shanye, ruwan yakan koma rawaya, sai mu zuba sabo."

Na san abin da ya sa Inna ta tambaya. A watannin ƙarshe ita take ba shi kunu da cokali, ita da ba ta taɓa ba shi abu hannu da hannu a gaban mutane ba. Ta zuba, ya dawo ta gefen baki, ta goge, ta sake zubawa. Yana kallonta, yunwa tana cinsa, maƙogwaro ya ƙi.

Ta tsaya tana kallon allon. Sai ta kira sunansa.

Sunansa na yanka, sak, da murya irin ta kiran yaro ya shigo gida magariba ta yi. Na girma a ɗakin matar nan, ban san yadda sunan yake a bakinta ba sai ranar.

Hasken ya tashi daga gefe ɗaya na allon ya ratsa har ɗaya gefen, kusan duka suka kama lokaci ɗaya, sannan suka lafa.

Likita ta yi sauri ta ce haka suke yi lokaci-lokaci, ko an yi magana ko ba a yi ba. Na yarda da ita. Ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Amma ina wurin.

Ta kunna fitila. Ta ce in Mama ta ce a haɗa, za ta haɗa yau, ta ba mu a kwalba. Inna ta miƙo min ƙyallen ta ce in buɗe in riƙe. Na sa hannu na karɓa. Yatsuna suka ƙi matsewa. Ƙyallen ya sulale ya faɗi a kan tayil.

A hasken ɗakin nan ba abin da ke ɓuya. Naman hannuna yana rawa, kowa yana gani. Inna ta kamo hannun ta juya shi. Ta sa babban yatsanta a gindin nawa ta danna. Ya shige cikin ramin. Ta san ramin nan, ta taɓa shi a hannun mijinta da 'yarta da ɗan farinta.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a share makoki."

"Shi ne ka yi shiru, ɗan banza."

"Me zan ce?"

Ba ta saki hannun ba. Likita ta sunkuyar da kai, injuna suna ta nishinsu. Can Inna ta duƙa da kanta ta ɗauki ƙyallen, ta kaɗe, ta ninke, ta mayar bakin zane ta ƙulle.

Ta ce wa likita, "'Yar nan, mayar da shi cikin ɗumin. A bar shi ya yi wa ƙanensa aiki. Amma ki riƙa ba shi abincinsa a kan lokaci, ba ya son jira. Ran da ya gama, ki kawo min shi. Duka."

Likita ta ce ta yi alkawari.

An yi sadakar arba'in. Inna ta koma cin abinci. Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara cewa "marigayi" ba. In an tambaye ta 'ya'yanta sai ta ce ɗaya tana ƙasa, ɗaya yana gida, ɗaya rabinsa yana wajen aiki. Mutane sukan dubi juna. Ba ta kuma sake kiran sunan ba, ta koma "wancan". Lokacin da likita ta zo neman izini za a aika wani kashi nasa ƙasar waje a jirgin sama don wasu su ma su gwada, Inna ta ce a aika, dama bai taɓa hawa jirgi ba. Ta tambaya ko can akwai sanyi.

Da hannuna na dama ya gama tafiya, na je na ba da tawa fatar. Na gaya wa Inna tun kafin in je. Ba ta hana ba. Da na dawo na same ta a gindin katanga da almakashi, ta raba ƙyallen nan gida biyu.

Maganin bai fito ba tukuna. Likita takan leƙo, ta ce ana nan ana yi, ba ta ƙara gishiri. Matata ta daina maganar baƙo. 'Ya'yana ina kallon hannayensu in suna wanke-wanke, su ba su san me nake kallo ba.

Yanzu ina zaune a zauren gidanmu a Limawa, a kan kujerar da Yaya ya zauna. Rumfa na bar wa wasu, daga nan ina jin gudumarsu. Hannun hagu yana ɗaga kofi har yanzu. Harshe ya fara nauyi, shi ya sa nake faɗar wannan tun ana gane ni. Guntuna kuma yana can hanyar Tagwai, a cikin akwatin ɗumi, layi ɗaya ƙasa da na Yaya.